Shafin da Ya Ƙi Buɗewa a Wayar Mama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talatar da ta wuce aka kira ofis aka ce ka rasu, Sarkin Gwaji. Na so in rubuta wannan da sanyin zuciya, amma takaicin abin da aka yi wa mahaifiyarka da sunan tunawa da kai ya hana ni.

Kai ka koya min gina shafin intanet. Aljihun teburinka cike yake da tsofaffin wayoyi, wata allonta a tsage, wata an ɗaure ta da roba. Ba ka sakin aiki sai ya buɗe a kowace. Muna yi maka tsiya, kana dariya kana cewa mai tsohuwar waya ma mutum ne. Tambari kuwa da layuka kake zana shi, mara nauyi, ko an faɗaɗa shi ya cika bango ba ya dusashewa. Sau nawa ka gyara min shirme, ka bari aka yaba min?

Kafin a share makoki manaja ya sa aka yi shafin tunawa da kai. Aka cika shi da furanni masu motsi da kiɗa, irin wanda sai sabuwar burawuza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ke iya ɗauka. Ba wanda ya gwada. Da na yi magana ya ce, "Su sabunta wayoyinsu mana." Wallahi raina ya ɓaci, na ji ƙyamar wurin gaba ɗaya.

Da na je gaisuwa, Mama ta miƙo min wayarta. "Ɗana, an ce sun sa hotonsa. Nuna min."

Na shiga shafin, muka jira. Tambarin kamfanin da ka zana ya fito tsaf. Inda hotonka ya kamata ya kasance, wani farin akwati ne kawai. Ta kawo wayar kusa da idonta, ta goge allon da gefen mayafi.

"Idona ne ko?" ta ce. "Kai dai kana ganinsa?"

Na karɓi wayar na sake dubawa, farin akwatin ne dai.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Mama da ƙannenka, Allah Ya ba ku haƙuri. Amin.