Tiyar Inna da lissafin Rahila

Jiya da la'asar, karo na uku ke nan ɗiyata Rahila ta haɗa 1/x da 1/y ta samo 2/(x+y). Ta tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ga jarrabawar birbe, ta gama kolej, ta matso, ni kuma mushen lissafi ne, wato malami, a kolej. Ɗiyan mutane suna ganewa a hannuna, tawa ta kasa.

Na ɗaga murya har idonta ya kawo ruwa.

Inna, mahaifiyata, tana gefe tana tsintar wake. Ba ta taɓa shiga lekol, makarantar boko, ba. Ta ce, "Kai, mi ta yi maka?"

Na ce, "Inna, na ƙasan ne ba iri ɗaya ba. Sai an maida su ɗaya kafin a haɗa na sama."

Ta dubi Rahila. "Ke, in na auno wake da babbar tiyar kasuwar Urafane, na ƙara da ƙaramar tiyar gidan nan, tiya nawa ke nan?"

"Biyu, Kaka."

"Biyu na wace tiya?"

Rahila ta ce, "Sai an sake awon da tiya guda."

"To, shi ne ubanki yake ta hayaniya a kai."

Yarinyar nan ta ja kayenta na rubutu, ta sa xy a ƙarƙashin kowanne, ta fitar da (x+y)/xy.

Yau da safe na tafi aji da tiya biyu ɗaure a bayan moto. Ku fa, wa ya taɓa koya maku sana'ar da kuke taƙama da ita?