Malam Dattijo Mai Auna Ruwan Rijiyoyi

Ni ne direban da ke kai takardun Malam Dattijo jami'a, a shekarun da arzikin man fetur ya kwashe abokan aikinsa zuwa Legas. Shi kaɗai ya rage a ɗakin gwaje-gwajen da ke Sabon Garin Wudil. Yakan ɗebo ruwan rijiyoyin Utai da Ɗankaza a kwalabe, ya auna gishiri da kanwar da ke ciki, ya rubuta lambobin. A jami'a sai a huda su a jikin kati a ba kwamfuta, don ta koyi gane inda ruwa mai kyau yake.

Bayan shekara uku aka ce ta koya, ba a bukatar sabon awo.

Na ce masa, "Malam, ka huta mana. Sun ce ta fi ka sani yanzu."

Ya ce, "Ta taɓa kurɓar ruwan Ɗankaza da bazara?"

Bai daina ba. Duk wata yakan ba ni ambulan, in kai, amsa ba ta zuwa. Wata rana na leƙa ɗakin ajiyar jami'ar, na tarar da ambulansa goma sha ɗaya a ɗaure, gara ta fara ci.

Da na dawo ya tambaye ni, "Bilya, suna karantawa kuwa?"

Na ce, "Ko buɗewa ba su yi ba."

Ya daɗe yana wanke kwalba ɗaya. Washegari ya ɗaure gwangwanin fenti a bayan kekensa ya nufi Ɗankaza. Daga ranar, a jikin kowace rijiya yake rubuta sakamakonta: a sha, ko kar a sha.