Kaset ɗin Malam Lawal da na goge

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan labari ya iske ni, Malam Lawal ya rasu a Unguwar Dosa.

Tare muka yi aiki a wani gidan rediyo nan Kaduna, zamanin mulkin soja. Shi yana ɗaukar sauti, ni ina tsaron ɗakin kaset. Injiniya na karanta, a gadin kaset na ƙare. Duk ofis shi kaɗai yake kira na Injiniya, kuma ba da ba'a ba.

Da babur ɗina ya mutu, kullum sai ya biyo Unguwar Sarki ya ɗauke ni.

Ya taɓa huda busasshen duma wuri huɗu, ya cusa ƙananan makirfo, kowanne na fuskantar gefe guda. Ya ce sauti kan riga isa ɗaya kafin sauran, a nan ake gane daga ina ya fito. Manyanmu suka yi dariya, wai rediyo lasifika ɗaya gare shi.

Ya kai duman maƙerar mahaifinsa a Rafin Guza, ya ɗauko sautin wurin a kaset. Da ya sa mini abin ji a kunne, sai na ji guduma na bugawa ta hannun damana, wani ya yi sallama a bayana har na waiwaya.

Ya ce, "Ka ji tari a hagu? Baba ne. Nan yake zama."

Bayan rasuwar tsohon, sabbin kaset suka daina zuwa, aka ce a goge tsofaffi. A ƙa'idarmu, wanda aka rubuta wa "gwaji" shi ake fara gogewa. Haka Lawal ya rubuta a nasa, don kada a ce ya ɓarnatar da kayan gwamnati. Ban saurara ba, na goge. Jawabin buɗe wani ofis aka ɗora a kai.

Ban taɓa faɗa masa ba.

Ganinmu na ƙarshe idonsa ya riga ya tafi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kaset ɗin Baba yana nan ko? Kawo mini mana, yanzu kunne kawai ya rage mini."

Na ce yana nan.

Ban sake taka gidan ba.

Allah Ya jiƙan Lawal, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da mahaifinsa a Aljanna. Don Allah ku sa shi a addu'a. Ni kuma ku roƙa mini Allah Ya yafe mini, wanda zan roƙa gafara ya tafi.