Ranar da Inna Indo Ta Dubi Kamara

Hambali mai hoto taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, saboda haka in na faɗi halinsa babu mai kai ni ƙara. Shagonsa na jikin nawa a bakin tashar Bande, ni ina ɗinki, shi yana hoto. A Damagaram ya koyi aikin tun yana saurayi, wajen wani mai sitidiyo, ya dawo gida da ubansa ya gaza da noma. Da damina yana gona, kaka na wucewa ya buɗe shago ya kaɗe labulensa mai zanen bene da jar mota.

Mutum ne mai shegen nawa. Ka shigo a gurguje kana son hoto, sai ya sa ka zauna ya tambaye ka, "Wa za a kai wa? Me kake so ya ji in ya gani?" Na sha leƙowa in ce, "Kai dai danna musu su tafi, mota za ta tashi." Sai ya ce hoto magana ce, in ba ka san abin da za ka faɗa ba gara ka yi shiru. Wai ido yana fara sauka inda haske ya fi yawa, don haka duk abin da ba shi ne zancen ba a janye shi. Na ga ya tsayar da ango a rana don kawai a ɗauke wani bokiti daga bayansa. Dattijo kuwa, durƙusawa yake ya ɗauke shi daga ƙasa, ya ce babba ba a dubansa ta sama.

Yanzu kowa da wayarsa a aljihu, aikin ya koma hoton kartidante, wato katin shaida, da ɗan biki a Magariya. Da, in Salla ta zo, daga Waca da Dancawo ake cika amalanke a zo masa, a yi layi har ƙofata. Yana kewar wannan lokacin, ba ya ɓoyewa. Wani sa'in sai in ji shi yana goge kamara yana lissafo sunayen mutanen da ya ɗauka waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Wata ranar kasuwa wata yarinya Aziza ta kawo uwarta, Inna Indo. Masu shanu ne da noma, gidansu na bayan gari. Ɗan farin Inna, Rabilu, ya tafi neman kuɗi Aljeriya ya daɗe, yana aiko da saƙo amma shi bai zo ba. Ita kuwa ciwon yana ya rufe mata ido ɗaya, lokotoro a Magariya ya ce ɗayan ma yana bi. Abin da take so a duniya shi ne ta ga ɗanta kafin ganin ya ƙare. To amma ɗan fari ne. A gidajensu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta dubansa ido cikin ido. In ya kira waya sai ta miƙa wa Aziza ta tashi ta ba su wuri. In zance ya kama, sai dai ta ce "wan Aziza".

Hambali ya yi tambayarsa ta kullum. Inna ta sunkuyar da kai. Aziza ta karɓe, ta ce, "Yaya Rabilu za a aika wa, ya ga tana lafiya." Ta riga ta aro mata leshi da sarƙa, ta ɗaura mata kallabi kamar uwar amarya. Hambali ya yi ta jan ƙafa, ni kuma na sa baki na ce ya bar iyayi. Ya tsayar da ita gaban bene da jar mota ya ɗauka, fuskarta a gefe, idon mai yana a ɓoye.

Hoton ya yi kyau, shi ne matsalar. Rabilu ya aiko da murya yana dariya, wai Inna ta zama hajiya, hankalinsa ya kwanta, zai ƙara shekara ko biyu ya gama tara abin gini.

Sati na zagayowa sai ga Inna ita kaɗai a shagona, da wani tsohon zane wai in yi mata faci. Zanen ba inda ya yage. Ta zauna tana jujjuya shi, can ta ce, "'Yar nan, hoton ɗan'uwanki ya yi ƙarya." Hambali yana ji ta bango. Ya shigo ya durƙusa ya ce, "Gaskiyarki, Inna. Gobe da la'asar ina zuwa gida." Ya dube ni ya ce da ni za a je, tunda bakina ya taya ɓatawa.

Muka hau babur ɗinsa muka je. Aziza ta fito da leshin, ya ce ta mayar. Ya ce Inna ta zauna da zanen da ke jikinta. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ya zaunar da ita can a gefe guda, ya bar sauran tabarmar fayau. Aziza ta zo za ta zauna a wurin, ya hana, ya ce wurin mai shi ne, a bar shi ya ga ba kowa. Ya kwashe tukwane da turmi, ya bar turken saniyar da Rabilu ya rena tun tana maraƙa. Sannan ya yi ta jiran rana ta faɗo ta gefen fuskarta, yadda farin idon zai fito. Ni dai zafi ya ishe ni, na ce, "Hoto za ka ɗauka ko gida za ka gina?" Bai ko kula ni ba.

Da ya gama shiri ya ce, "Inna, ki dubi nan."

Ta ce, "Shi zai gani?"

"Shi zai gani."

"To ba na dubawa."

Ya lallaɓa, ya ce ai gilashi ne kawai. Ta ce, "In gilashi ne kawai, don me kake so in dube shi?" Wallahi na so in yi dariya, don ban taɓa ganin an ƙure Hambali haka ba. Ya ce mata tabarma za ta gaya wa Rabilu ana jiransa, farin ido zai gaya masa lokaci ya ƙure, amma kira sai ido, in ta kau da kai zai sake cewa kunya ce irin ta kullum. Ta ce ta haife shi ta yaye shi ba ta dube shi ba, ba yau da tsufanta za ta fara rashin ta-ido ba.

Hambali ya ajiye kamara a cinya ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Inna, ni ma ɗan fari ne. Na ɗauki mutanen ƙasar nan kaf, amma tawa uwar hoto ɗaya gare ni, shi ma ta sa hannu ta kare fuska. Ta rasu ina Damagaram. Har yau ban san yadda idonta yake ba in ya sauka a kaina, kuma abin yana ci na." Tare muka tashi da shi, matar kawuna ce yake zance, amma ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Tsokanar da ke bakina ta gudu.

Shanu sun fara dawowa, hasken da ake jira yana shirin wucewa. Sai Inna ta ce Aziza ta je ta kama maruƙa. Ta ce da ni, "Ke kuma juya mini baya." Na juya ina kallon danga. Ƙarar kamara na ji sau ɗaya, sai muryarta tana cewa ya isa.

Hambali ya ce a aika hoton haka nan, kada a haɗa da ko kalma. Aka aika. Shiru, ba murya, ba kira. Na yi ta yi masa ciwon baki, na ce ya sa tsohuwa ta karya al'adarta a banza. Shi ma ya rame, mota na tsayawa a tasha sai ya leƙo. Inna kuwa ta daina zuwa kasuwa, don ganin ya ragu sosai, sai abu ya matso kusa take gane shi.

Ana gama ɗaurin gero Rabilu ya sauka daga motar Magariya da jaka ɗaya. Aziza ta ba ni labarin isarsa. Ta ce Inna na jin sallamarsa ta juya fuska ga bango ta ce, "Aziza, ki ba baƙo ruwa." Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Amma da ya kafa kai a ƙwarya yana sha, ta matso har gwiwarta na taɓa tabarmarsa, ta karkato da idon mai sauran gani, ba ta ɗauke ba sai da ya sauke ƙwaryar.

Washegari ya zo shagon Hambali ya ce a wanke masa hoton, babba. Ya ce, "Malam Hambali, kwana na yi ta yi ina buɗe shi ina rufewa, na kasa kira. Tunda aka haife ni ba ta taɓa dubana haka ba." Sai a ranar na ga hoton. Tsohuwa ce a gefen tabarma da zanen gida, ido ɗaya fari, ɗayan yana kallonka kai tsaye.

Hambali ya wanke biyu, ya ba shi ɗaya. Ɗayan bai kafa a bango ba, yana cikin aljihun teburinsa. In kasuwa ta watse ba kowa, ina jin ƙarar aljihun ta bango, sai in ƙara taka keken ɗinki don kada ya san na ji.