Rauta a Cikin Guga

Gidan da Yaya ya gina a Birnin Kudu bene ne, amma sabis ɗin intanet bai taɓa yarda ya sauko ƙasa ba. A sama, gefen tagar da ke kallon hanyar Gwaram, bidiyo gudu yake kamar ɓarawon akuya. A ƙasa kuwa, ka tura barka da ƙaramar sallah, sai ta isa ana fiɗar ragon layya. Kankaren da aka zuba tsakanin hawa biyun, ko aljani sai ya zagaya.

Ranar da abin ya daina ba ni dariya, Yaya na kwance a asibiti a Kano, za a yi masa aiki a ciki. Da hantsi matarsa ta bugo, ta ce ya ƙi a shiga da shi sai ya ga fuskar Inna. Inna kuwa, tun da muka ɗauko ta daga Basirka ciwon gwiwa ya ajiye ta a ɗakin ƙasa.

Na ce, "Inna, in goya ki mu hau?"

"Je ka goyi uwarka."

"Ai ita nake nufi."

Ko ƙanwata ba ta yi murmushi ba.

Na ciro rauta, ɗan akwatin da ke raba mana intanet, na sauko da ita. Fitilarta ta koma ja. Na mayar sama, ta yi kore, amma wayar ƙanwata a ɗakin Inna ko ƙamshinta ba ta ji. Matar Yaya ta sake bugowa, ta ce likita ya fara tsaki.

A tsakar gida idona ya faɗa kan gugan rijiya. Na goge shi da rigata, na zuba rauta da fawa banki a ciki, na haye sama na zuro shi ta taga, saitin tagar Inna.

"Ƙara ƙasa," in ji ƙanwata daga ciki. "A'a, ya ɗauke. Yi sama. Kai, kaɗan na ce."

"Hajiya, hannu ne da ni, ba injin ɗaga kaya ba."

"Tsaya nan. Ko numfashi kar ka yi."

Na tsaya, rabin jikina a waje, cikina a kan ƙarfen taga. Igiyar jiƙaƙƙiya ce, tana zamewa a hankali, iska kuma na kaɗa gugan yana neman bugun bango. Na naɗe ta a wuyan hannu har yatsuna suka mutu.

Sai na jiyo muryar Yaya daga wayar ƙanwata ta tagar ƙasa, siririya, tana yankewa.

"Inna, ki dube shi mana," in ji ƙanwata. "Ga ma'aikatan asibiti nan sun zo da gadon."

Yaya ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta haɗa ido da shi ba, sunansa kuwa sai dai ta ce "wancan". Na tabbata bango take kallo. Igiya ta ƙara zamewa, na danne ta da haƙori.

Can na ji ta kira sunansa, cikakke, yadda aka raɗa masa.

"Je ka, Allah ya tashe ka lafiya. Ina nan zaune."

Ban ji amsarsa ba. Ƙanwata ta leƙo ta ce sun shiga da shi, in janye. Na ce ta hawo ta kwance ni tukuna, hannun ya ƙi buɗewa.