Zuciyar ragona a tafin hannuna

Wallahi da na karanta labarin sai da na aje wayar! Wai masu gwaji da ɓeraye sun ce zuciyar namiji da ta mace ba tsufa ɗaya suke yi ba. Sai na tuna marigayi kakana.

Kafin mu kora dabbobi zuwa rijiyar Tagriss, yakan kara kunne a ƙirjin tsofaffinsu. Ya zaɓi ƙosasshen ragona, ya ƙyale wata ramammiyar tunkiya.

Na ce, "Kaka, ita ke tangaɗi."

"Za ta kai rijiya. Naka a hanya zai faɗi. Riƙe ƙafafun."

Ya yanka, ya ɗora mani zuciyar da ɗuminta, tauri kamar ƙirgi.

Shi ma Kaka a tsaye ya faɗi ya rasu, tsohuwar matarshi na nan tana jan jiki. Allah ya yi mashi sassaucin da bai yi wa ragona ba. Ku fa, a gidanku wa ya riga wa?