Reshen Bedi a Gilashin Motar Marigayi

Motar marigayi mijina tsohuwa ce, ba zan yi mata ƙarya ba. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya ba ta buɗewa sai daga waje, akwai kuma wata jar fitila a gaban sitiyari da take kunne tun yana da rai, wai waya ce ta haɗe. Amma da aka zo rabon gado motar ta faɗo cikin kasona da na 'ya'yana, na ce ba za a sayar ba. A cikinta ya koya mini tuƙi, a wani fili bayan gari nan Dutsin-Ma, yana dariya ina masifa. Da ita nake zuwa makarantar da nake koyarwa, kuma duk lokacin da na kama sitiyarin nan sai in ji kamar bai yi nisa ba.

Wan mijina, wanda duk muke kira Yaya, shi ne mai kula da marayun. Falken dabbobi ne, a Wurma yake zaune cikin gidan gado. So ya yi a sayar da motar a saya wa yara shanu. Mun ja, mun ja, daga ƙarshe ya ce, "To shi ke nan, Malama, ki riƙe. Amma ranar da kika lalata ta, ranar za ta shiga hannun dillali." Na ce na yarda. Bai taɓa shiga motar ina tuƙi ba, ko hanya muka haɗa sai ya ce ya gode, yana da abin hawa.

Garejin da marigayi yake kai ta, can na ci gaba da kaiwa. Na wasu 'yan'uwa biyu ne, wa da ƙani, dukansu gemu ya fara furfura. Babban cikinsu abokin mijina ne tun suna samari, yana cikin waɗanda suka saka shi a kabari. Wata ƙatuwar bishiyar bedi, wadda wasu ke kira darbejiya, ita ce rumfarsu, kuma ita ce takardarsu. Idan aka tsiyaye wa mota baƙin mai ba a zuba sabo ba tukuna, sai a karyo reshen bedi a maƙale a ƙarƙashin abin goge gilashi. Duk wanda ya ga ganye a gilashi ya san ba a taɓa makulli. Haka suka gada wurin maigidansu, kuma ba su taɓa ganin ta ɓaci ba.

Wata bazara aka yi wa Yaya jika, ranar suna ta kama. Da safe na kai motar a yi mata juyen mai, na ce da Babban galan sabo nake so mai hatimi, ba na awo ba, zan dawo bayan Azahar. Da na dawo ban same shi ba, sai Ƙaramin, ya fito daga masallaci ke nan yana gyara hula. Ya leƙa gilashi, babu ganye, bonet a rufe. Ya miƙo mini makulli ya ce, "An gama, Malama. Allah Ya kiyaye hanya."

Na loda kayan barka na kama hanyar Kurfi zuwa Wurma. Ko gidajen ƙarshen gari ban gama wucewa ba na ji wani sauti ƙasa-ƙasa, kamar ana kaɗa cokali a cikin gwangwani. Jar fitilar nan dama kullum a kunne take, ba ta gaya mini komai ba. Maganar marigayi ce ta faɗo mini, don kullum yana cewa idan mota ta yi muryar da ba ki san ta da ita ba, kada ki yi gardama da ita. Na gangara gefen titi na kashe. Na ɗaga bonet, wani ƙauri ya buge ni, na zaro sandar duba mai. Ƙamas! Ko ɗigo babu.

Ina nan tsaye rana na dukana, sai ga Babban a kan babur a guje, da galan ɗaure a baya. Tun kafin ya tsaya yake salati. Ashe ya tsiyaye man, ya maƙala reshe, ya rufe bonet, ya tafi kasuwa neman mai hatimin da na ce, salla ta riske shi a can. Kafin ya dawo, akuyar maƙwabta ta haye motar ta cinye reshen tas.

Na ce, "Akuya? Malam, akuya fa ka ce?"

Ya ce, "Wallahi Malama, ga sawunta nan a kan bonet."

Na duba, sawun kuwa yana nan. Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na zaɓi masifa, don ita na fi iyawa. Na wanke shi tas a bakin titi. Na ce mutane masu gemu, ku ɗora amanar injin mutum a kan ganye, a garin da akuya ke cin kwali? Na yi ta yi har na gaji. Sannan ya ce injin ya taɓu amma bai buga ba, za su gyara ba tare da na biya komai ba. Ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Alfarma ɗaya nake roƙo, ki rufa mana asiri. Idan maganar nan ta fita, masu motocin kasuwa guduwa za su yi, har da na Alhaji." Yaya yake nufi, don motar da yake ɗaukar dabbobi a wurinsu ake gyara ta.

Na ce, "Ai asirin biyu ne, Malam. Idan na rufa naka, nawa ne zai tonu. Ka san sharaɗin da aka gindaya mini." Ya sunkuyar da kai, don ya sani sarai.

Kafin mu gama sai ga bas ɗin dangi daga Dutsin-Ma, su ma za su sunan. Suka gan ni tsaye, bonet a sama. Haka na bar masa motar ya nemi mai ja, na kwashi kayana na matsu a cikin bas ɗin, kowa na yi mini sannu irin wadda ta fi zagi ciwo. Kafin in cire takalmi a Wurma labari ya zaga gidan. Ina ji wata tsohuwa na cewa dama mota ba tukunya ba ce.

Da la'asar Yaya ya kira ni zaure. Na gaishe shi na zayyana masa komai, har da akuyar. Ya dube ni ya yi wani murmushi.

"Malama, shekaruna nawa ina harkar awaki. Na ji sun ci shuka, na ji sun ci shanya, amma yau na fara jin akuya ta lalata injin mota. Ki ce kin manta ba ki duba mai ba, ai ba abin kunya ba ne. Ranar kasuwa zan shigo da dillali."

Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Ga gaskiya a hannuna, amma gaskiyar ta fi ƙarya kama da ƙarya. Na dawo gida na yi kukana, na ƙudura ba zan sake roƙon kowa ba. Ban kira Babban ba, shi ma bai kira ni ba. Har a raina na fara ban kwana da motar, ina tunanin yadda zan koma tsayuwar jiran mai babur da safe.

Ranar kasuwa na riga su isa garejin. Wurin cike yake da direbobi, kowa ya kawo tasa. Motata tana ƙarƙashin bedin, an sauke rabin injin a kan buhu. Babban ya gaishe ni bai yarda mun haɗa ido ba. Can sai ga Yaya da dillalinsa, wani siririn mutum da ya shiga zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta yana taɓe baki. Yaya ya ce, "Malam, gaya mana gaskiya, me ya rage a cikinta? Ka ga tuƙin mata sai haƙuri."

Babban ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Ni dai na kafe shi da ido, na haɗiye masifata, kuma wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai ya ajiye tsumman ya ɗaga murya yadda duk direbobin za su ji.

"Alhaji, ba tuƙinta ba ne. Mu muka ba ta mota babu mai a ciki. Ni na tsiyaye, ƙanena ya miƙa makulli. Marigayi ya bar mini amanar motar nan, ba zan bari a ɗora wa iyalinsa laifina ba."

Yaya ya ce, "Kai ma za ka ce mini akuya?"

Babban ya miƙa hannu ya karyo reshen bedi, ya maƙala a gilashin wata mota da ke gefe, ya ce kowa ya ja baya. Ba mu daɗe ba kuwa sai ga ta, wata jar akuya mai ƙaton ciki, ta fito daga lungu tana tafiyar mai gida. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora ƙafa a kan taya, ta haye bonet, ta fizge reshen ta kama ci. Direbobi suka fashe da dariya, wani har da faɗuwa daga benci. Yaya ya so ya daure, amma ina! Sai da ya cire hula yana share hawaye. Gani ya kori ji.

Da dariya ta lafa, Babban ya ce, "Kuma Alhaji, da wani ne a kan sitiyarin, da yanzu injin nan sai 'yan gwangwan. Da kunne ta ji, ta kashe nan take." Wani tsohon direba ya ce shi kam ba zai canza gareji ba, makaniken da zai faɗi laifinsa a gaban jama'a ranar kasuwa shi ake nema. Yaya dai ya juya ya ce da dillali ya je, zai neme shi in da hali. Tun daga ranar, idan masu garejin sun tsiyaye mai, makullin suke ɗaurewa a jikin tsohuwar matatar mai su rataye a ƙusa. Akuyar kuma tana nan, ba ta tuba ba.

Da kasuwa ta zagayo aka gama gyaran. Na je ɗauka sai na tarar da Yaya zaune a bencin garejin, wai motarsa ta wuce da kaya. Na duba mai da kaina a gaban kowa, Babban yana dariya. Ina tayar da ita Yaya ya miƙe ya zagayo, ya buɗe ƙofar gaba ya zauna a kujerar da nake zama lokacin da ƙaninsa ke tuƙi.

Ya ce, "In ba damuwa, ki sauke ni Wurma."

Muka kama hanya, ya riƙe hannun ƙofa gam, yana ta "a hankali, a hankali," alhali ko mai keke ya kusa wuce mu. Da muka zo daidai inda ta tsaya mini, na rage gudu na karkata kai ina sauraren injin, ban ma san na yi ba. Sai na ji Yaya ya daina cewa "a hankali." Na waiga, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Haka yake yi. Haka yake karkata kai." Ya saki hannun ƙofar ya gyara zama. "Ƙara wuta, Malama, kada La'asar ta same mu a hanya."